Shekarar Da Aka Ce Adamu Ya Gudu

Kun sha tambayata abin da ya raba ni da aikin Abhur, ni kuma na sha ba ku gajeriyar amsa. Har yau wasu danginmu na Damagaram cewa suke yi zafin kai ne ya kore ni, wai na samu aiki mai inuwa da abinci na yi wasa da shi. Ban taɓa tanka musu ba. Amma ƙarfi ya fara tafiya, ido ya fara dushewa, kuma ba na so ku riƙa jin labarin ubanku daga bakin mutanen da ba su taɓa taka Jidda ba.

A lokacin ina tuƙa bas ɗin wani wurin shaƙatawa a Abhur, can arewacin Jidda, irin wuraren nan na bakin teku da iyalai ke kama ɗaki su yi hutu, yara na iyo, manya na gasa kifi. Ba zan faɗi sunansa ba, don ya canja hannu tuntuni, masu shi na yanzu ba ruwansu da wannan magana. Mai wurin shi ne kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar, da ta mahaifiyarku da taku duka a hannunsa suke. Shi ba mu cika ganinsa ba. Wanda muke gani kullum shi ne mudir, shugaban ma'aikata, mutum mai tsabta da ƙamshi, wanda ba ya ɗaga murya sai in babu baƙo kusa. A cikin ma'aikatan akwai Adamu, Bahaushen Chadi, mai kula da shuke-shuke. Gida ɗaya muke haya da shi a unguwar Sa'alaba cikin gari, mu a sama, shi da matarsa Halima da 'yan matansu biyu a ƙasa. Manyanku za su tuna shi, shi ne mai zuwa muku da rassan furanni a aljihun riga. A Abhur muke kwana ranakun aiki, ranar hutu mu dawo gida tare. Yana ce mini Yaya, ni kuwa ban taɓa jin bambancinsa da ƙanen da muka fito ciki ɗaya ba.

Shekarar da ruwa ya ci Jidda, alhazai suna hanyar Mina aka wayi gari da hadari. Mu da muka tashi a ƙasar damina mun san irin wannan sama, amma garin nan bai san ta ba, ba a gina shi don ta ba. Kafin hantsi ruwa ya cika farfajiyar wurinmu, ya fara shiga ɗakunan baƙi ta ƙarƙashin ƙofa. Mudir ya ce in kwashe iyalan da ke ciki in kai su wani otal da ke kan tudu. Ina cikin loda jakunkuna na ji yana kiran Adamu. Injinan zuƙe ruwa yake so a ɗauko daga wani sito a can cikin gari, ta gabas, kuma babu direban da ya rage sai ni.

"Yalla, maza, ya Adam, ga makullin wanit," in ji shi. Wanit ita ce a-kori-kurar wurin, wadda Adamu ke ɗaukar taki da ita daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Na ajiye jakar da ke hannuna na ce, "Ya ustaz, Adamu ba shi da lasisi. Bai taɓa fita da motar nan kan babban titi ba. Ka bari in sauke mutanen nan in dawo in je."

"Kafin ka dawo darduma ta gama ruɓewa. Kai dai kama aikinka."

Adamu ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Kada ka damu, Yaya, a hankali zan bi."

Ya ja motar ya fita, ina ganin yadda take tsalle a bakin ƙofa don bai iya sakin ƙafa ba. Ganin ƙarshe da na yi masa ke nan da rai.

Ba sai na ba ku labarin abin da ruwan nan ya yi ba, kun gani da idonku. Motoci a kan motoci, katanga a ƙasa, mutane a kan rufin gida suna ɗaga hannu. Da na samu na iso Sa'alaba washegari, na tarar ruwa ya shiga ɗakin Halima har gwiwa, mahaifiyarku ta kwaso ta da yaran zuwa namu. Tana ganina ta leƙa bayana, ta ga ba kowa.

"Baban Fati, ina ƙanenka?"

Na ce mata wataƙila ya maƙale ne a wani wuri, waya ba ta shiga. Ni kaina abin da nake gaya wa zuciyata ke nan.

A unguwa na ga abin da ya faranta mini rai a cikin wannan baƙin ciki. Matasan garin nan, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, maza da mata, suka shigo lunguna da ruwan sha da barguna da shebur. Ba wanda ya tambayi wani iƙamarsa. Suna kwashe taɓo daga ɗakin tsohuwar da ba su san sunanta ba. Wanda ya rasa wani kuwa, ana faɗin sunan mamacin a masallaci a yi masa addu'a. Haka na ga gari yana miƙewa, da kuka da gaskiya. A Abhur kuma na ga wata irin miƙewar.

Hutun makaranta na tafe, mai wuri ba ya so ya wuce shi. Manyan motoci suka riƙa shigowa da farin yashi ana zubawa a kan baƙin taɓon da ruwa ya bari. Itatuwan dabinon da suka faɗi aka tumɓuke, aka kawo waɗansu manya da ganyensu aka kafa, kai ka ce a nan suka tsiro. Aka zubar da ruwan wurin iyo aka sake cikawa, aka canja katifu, aka shafe layin da taɓo ya yi a bango da sabon fenti. Ba zan yi musu ƙarya ba, wani abin sun yi shi daidai. Sun kira baƙin da abin ya rutsa da su sun ba su haƙuri, sun haƙa hanyar ruwa a bayan katanga, wadda da an haƙa ta tun farko da ba a shiga wannan hali ba. Wuri irin wannan da mutane yake rayuwa, in suka ji tsoro suka daina zuwa, mu ma'aikata ne farkon wanda zai ji a jikinsa. Na san wannan. Da a nan suka tsaya, da ba ni da ta cewa. Ɗakunanmu na bayan katanga, inda baƙo ba ya leƙawa, ko tsintsiya ba a kai ba, muna kwana a kan kwali cikin warin taɓo. Wannan ma da na haƙura.

Sai aka ɗauko wani mutum, wai gwani ne wajen gyara sunan wuri bayan masifa. Ya tara mu a ɗakin cin abinci, ya yi mana magana mai daɗi. Ya ce baƙo ba ɗaki yake biya ba, kwanciyar hankali yake biya. Ya ce kowa ya riƙa murmushi, kada a ambaci ruwa sai in baƙo ya ambata. In kuwa ya ambata, amsa ɗaya ce: ruwa ya taɓa mu kaɗan, alhamdulillahi, ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Ya sa muka maimaita kamar 'yan makaranta. Ni ban maimaita ba. Da aka watse na bi mudir ofis.

"Ya ustaz, yaya za mu ce ba wanda ya samu ƙwarzane alhali har yau ba a ga Adamu ba?"

Bai ɗago kai ba. "Adam ya gudu. Ya ga gari a rikice, ya gudu da motarmu. Mun riga mun kai rahoton hurub."

Hurub, ku da kuka tashi a nan kun san shi: kafili ya shaida wa hukuma cewa ma'aikacinsa ya tsere, daga ranar ya zama abin nema. Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da na ji da kunnena ya miƙa makulli ya ce yalla.

"A gabana ka aike shi."

Sannan ya ɗago. "Ban tuna ba. Kai ma zai fi maka alheri kada ka tuna, ya Idris. Iƙamarka ta kusa ƙarewa, ko ba haka ba? Halas, magana ta ƙare, je ka wanke bas."

 Ba su kashe Adamu da hannunsu ba, ruwa na Allah ne. Amma sun aike shi, ya tafi domin dardumarsu, da bai dawo ba sai suka mai da shi ɓarawo, don kada a ce an rasa rai a wurinsu, don kada a tambayi wanda ya ba marar lasisi mota a irin wannan rana. Yashi suka zuba a kan taɓo, shi ma suka nemi su zuba masa.

Maganar ta iso Sa'alaba kafin ni. Mata suka fara raɗa a bakin shago, wai dama an ce yana da wata a Madina. Halima ta daina fita. Ta aiki mahaifiyarku wurin limamin unguwa ta tambaya ko za ta shiga takaba, ya ce ba a takaba a kan zato, sai an tabbatar. Ta zauna a tsakani, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba, ba mai zuwa yi mata gaisuwa, ba mai yi wa mijinta addu'ar mamaci. Wata rana na dawo na tarar da ita zaune a kan matakala.

"Yaya, ka gaya mini gaskiya don Allah. Ya taɓa ce maka ya gaji da mu?"

"Wallahi bai taɓa ba."

"To ina yake?"

Daga ranar na shiga nema. Duk ranar hutuna ina yawo. Na je filin da aka tara motocin da ruwa ya lalata, na bi su layi layi cikin rana, har na ga wanit ɗinmu a ƙarƙashin wata motar, cike da busasshen taɓo, tambarin wurinmu na nan a jikin ƙofa. Mai gadin filin ya ce daga wata gadar ƙasa aka jawo ta, ba kowa a ciki. Ya ce in gwada asibitoci, akwai gawarwakin da har yanzu ba a san masu su ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe, wani ma'aikacin ɗakin ajiye gawa ya jawo mini akwatin ƙarfe. Ba zan siffanta muku ba. Na gane shi da tsagar gefen fuskarsa da rigar aikinmu mai ruwan ganye. Jami'in da ke wurin ya ce in koma in zo da iyalinsa da safe, kuma zai buƙaci wanda zai faɗi inda yake aiki da abin da ya fitar da shi a ranar.

Na iso gida bayan la'asar. Na gaya wa mahaifiyarku tun kafin in sauka wurin Halima. Ta yi kuka, ta share hawaye, sai ta tsaya tana dubana, don ta riga ta gane abin da ke raina.

"Malam, ka ce ƙanenka ne, ka gane shi. Shi ke nan. Ba dole sai ka ce wane ne ya aike shi ba."

"Za su tambaya."

"Ka ce ba ka sani ba. A yi masa sutura, Halima ta shiga takabarta. Me ya rage?"

"Sunansa ya rage. In na yi shiru, a takarda ɓarawon mota ne ruwa ya ci yana gudu. Haka 'ya'yansa za su tashi su ji."

"Naka 'ya'yan fa?" Ta nuna ɗakin da Fati ke karatu. "Yarinyar nan shekararta ta ƙarshe ke nan a makaranta. In mutumin nan ya ƙi sabunta mana iƙama, ina za mu sa kanmu? Damagaram ɗin da ba su taɓa gani ba?"

Ba ta faɗi ƙarya ba, kuma kada ɗayanku ya taɓa ganin laifinta. Uwa ce. Ranar ba wanda ya taɓa abinci. Da aka kira magariba na tashi zan yi alwala, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Da kai ne a akwatin nan, shi da ya faɗa. Na san shi. Ka je ka faɗa, Allah ba zai bar mu ba. Amma ni kada ka ce in yi murna."

Da safe na faɗa. Na faɗi wanda ya miƙa makulli, da abin da aka aike shi ɗaukowa, da abin da na ce aka ce in kama aikina. Jami'in ya rubuta bai katse ni ba. Hukuma ta yi nata, ta cire masa sunan hurub, aka sa shi cikin waɗanda ruwa ya ci. An kira mudir an yi masa tambayoyi, abin da ya biyo baya tsakaninsa da su ban sani ba, na dai san bai bar kujerarsa ba.

Ranar da muka kai Adamu makwancinsa ita ce ranar da aka sake buɗe wurin. An kawo masu ɗaukar hoto da masu kiɗa, an rataya tutoci, an yi wa baƙi ragi. Aka hana ma'aikata fita, wai rana ce ta aiki. Mutum ɗaya ne ya zo daga cikinsu, Bashir mai dafa abinci, Bahaushen Sudan, ya sulale ta ƙofar baya da farar hularsa ta kicin a aljihu. Ya tsaya kusa da ni a sahu, yana ta kuka kamar yaro. Washegari hoton wurin ya fito a jarida, teku shuɗi, yashi fari, yara na dariya. Halima kuwa ta shiga takaba, matan da suka yi raɗa suka zo da kwanukan abinci suna sunkuyar da kai.

Ni ko bas ɗin ban sake taɓawa ba. Mai gadi ne ya tare ni a ƙofa da kayana a cikin leda. Kafili bai kai ni hurub ba, ya san ido na kansa, amma ya yi abin da ya fi sauƙi: ya ƙi sabunta iƙama, ya ƙi sakina in koma hannun wani. Muka zauna a haka. Ina ganin motar 'yan sanda sai in canja lungu, ni da ban taɓa ɗaukar allurar wani ba. Mahaifiyarku ta fara soya ƙosai da waina tana kaiwa kasuwar Bab Makka, tana zama a gefen masu atamfa, in an ce ga masu kama 'yan talla ta naɗe tabarma ta ruga. Hannunta na dama da kuke ganin tabon ƙuna, a wannan shekarar ta same shi. Sai da wani dattijo mai shagon yadi a can ya ji labarinmu, ya yi ta sintiri yana sa baki, kafin aka sake ni na koma ƙarƙashinsa ina yi masa dakon kaya da mota.

Amma kafin nan jarrabawa ta zo ta wuce. Fati, ke kika fi kowa biyan wannan magana. Makaranta ta ce sai da iƙama mai rai, kika tsaya a taga kina kallon ƙawayenki suna tafiya. Kin so ki zama malamar asibiti, ba ki zama ba. Kin daɗe ba ki yi mini magana ba in ban da gaisuwa, kuma ban ga laifinki ba. Ba zan ce miki abin bai yi tsada ba, ya yi. Ba zan kuma ce miki da za a sake ba zan faɗa ba, zan faɗa. Abin da nake so ki sani shi ne, ba ni na hana ki jarrabawa ba, ba kuma Adamu ba ne. Mutanen da suka ga sunan wurin hutunsu ya fi sunan mutum daraja, su ne suka hana ki. In za ki yi fushi, ki kai shi inda ya dace. Ni ina nan da nawa, bai huce ba.

Yanzu garin ya canja. An yi manyan hanyoyin ruwa, baƙi na zuwa daga ko'ina suna ɗaukar hoton tsofaffin gidaje, Abhur ta cika ta batse. Ina jin masu ilimi a talabijin suna bayanin yadda wuri ke farfaɗowa bayan masifa, a gyara da sauri, a kwantar wa mutane da hankali, a dawo da baƙi. Duk na yarda. Amma ban taɓa jin ɗayansu ya ce a fara da ƙirga ma'aikata a ga ko kowa ya dawo ba.

Ba a daɗe sosai da rasuwar Adamu ba aka sake yin wani babban ruwan. Ina Bab Makka muna ɗaga bandiran yadi zuwa saman kanta, sai ga wayar Bashir.

"Idi, ka san abin da ya faru yau? Hadari na haɗuwa mudir ya sa aka rufe ƙofa. Ya tara makullan motoci duka ya sa a aljihunsa. Ya ce ko wurin zai nutse, ba ma'aikacin da zai fita. Wai sabuwar doka ce ta kiyaye lafiya, har an rubuta an manna a bango."

Da ruwa ya ɗauke na koma Sa'alaba, na tsaya a ƙofar Halima. Tana zaune tana tsince shinkafa a faranti. Na gaya mata abin da Bashir ya ce, ina tsammanin zai ɗan sanyaya mata rai. Ta saurara har na gama.

"Da ya tara makullan, ya faɗi sunan ƙanenka?"

Na ce a'a.

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsince shinkafarta.